James Tomkins da tagullar da ya ci a gida

Na daɗe ina komawa kan bidiyon tseren kwale-kwale na gasar Olamfik ta 2004 a Girka, inda James Tomkins na Ostareliya da abokinsa Drew Ginn suka ci zinare, kwana biyu bayan Tomkins ya cika shekara 39. Abin da ke riƙe mini ido shi ne filafilansu guda biyu, yadda suke nutsewa cikin ruwa su fito a tare, tun daga farkon mita 2,000 har ƙarshe, kamar hannun mutum ɗaya ne ke jan su.

Tomkins ya je Olamfik sau shida, daga 1988 zuwa 2008, kuma shi ya riƙe tutar ƙasarsa a bikin buɗe gasar Beijin. Ya zama zakaran duniya sau bakwai, na farko a 1986 cikin jirgin mutum takwas. Shi da Mike McKay da Nick Green da Andrew Cooper suka ci zinaren jirgin mutum huɗu a Basalona a 1992, suka sake ci a Atlanta a 1996 bayan Ginn ya gaji kujerar Cooper.

Amma a wurina, tagullar da ya samu a Sidni a 2000 ta fi duk waɗannan nuna ko wane ne shi. A jirgin mutum biyu kowa filafili ɗaya yake riƙewa, wannan a dama wancan a hagu, kuma babu mai zama ya ja musu akala, don haka in ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa ƙarfi ko ya riga shi da ƙiftawar ido, sai jirgin ya karkata. Fahimtar juna irin wannan shekaru ake yi ana gina ta. Tomkins da Ginn sun gina ta har suka zama zakarun duniya a 1999, kowa yana ganin zinaren gida nasu ne, sai ciwon baya ya kwantar da Ginn ana saura 'yan watanni. Aka sa Matthew Long a madadinsa, suka fara koyon juna cikin ƙurarren lokaci, suka zo na uku a bayan Faransa da Amurka.

A lokacin Tomkins yana da shekara 35, da zinare biyu a hannu, kuma da ya ajiye filafili babu wanda zai ga laifinsa. Sai ya jira Ginn ya warke, suka koma atisaye, suka karɓi kambun duniya a 2003, sannan suka wuce Girka, inda 'yan'uwan nan biyu na Kuroshiya, Siniša da Nikša Skelin, suka biyo bayansu a matsayi na biyu.