Asabar a gareji: nawa za mu bar injin nan ya juya?

Yau dai ban huta ba sam. Tun da hantsi Oga ya kira ni wai in zo gareji mu duba injin ƴar motar tseren nan, go-kart, da ɗansa zai shiga gasa da ita. Oga bakanike ne tun a gida kafin ya zo Amurka, ni kuma ɗan riƙe sifana ne kawai da surutu.

Injin Predator 212 ne, kwaikwayon Honda GX200, wato dai dangin injin ban ruwan da ake kaiwa fadama ne aka ɗora wa tayoyi. Daga kamfani gwamna, wato na'urar da ke hana injin wuce gudu, na riƙe shi a wajen juyi 3,600 a minti, a nan yake ba da ƙarfin doki 6.5 ɗinsa, zai yi shekaru yana aiki ba ruwansa. To yaron nan shi da abokansa sun buɗe sun cire gwamnan, sun canja salansa da jet na kafireta, suka kuma sa sifirin bawul masu tauri, masu ƙarfin matsi na fam 18. Yana ta murna wai yanzu ba abin da ke tare shi.

Oga ya dube shi ya ce, kai yaro, filawil fa? Shiru. Kwanrod fa? Shiru. Filawil ɗin, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa da injin, da kwanrod ɗin, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, duk na kamfani ne.

A nan gardama ta kaure, kuma gaskiya bayan Oga nake ɗari bisa ɗari. Sifirin kamfani masu laushi ne, da injin ya kai wajen 5,000 zuwa 5,500 sai bawul su kasa rufewa a kan lokaci, injin ya fara tari ya ƙi ƙara gudu, to wannan tarin da yaran suke jin haushinsa shi ne yake kare sauran kayan ciki, suna sa masu tauri suka buɗe ma injin hanya ya wuce inda kwanrod ɗin alminiyon zubi zai iya ɗauka, kuma ba famfon baƙin mai gare shi ba, wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod yake watsa man. Filawil kuwa ƙarfen zubi ne da maganaɗisu a jikinsa, in ya tarwatse murfin gwangwanin nan ba abin da zai tare, ga injin dab da haƙarƙarin direba yake zaune. Oga ya kamo hannun yaron ya ɗora tsakanin kujera da murfin, ko tafin hannu ɗaya bai cika ba.

Yaron ya ce amma Baba ai injin Rotax na wuce juyi 13,000. Oga ya ce wancan tu-sitrok ne, don tsere aka ƙera shi tun farko, ba shi da bawul irin naka ma. Ko injin Briggs LO206 da ake gasa da shi a rufe da hatimi, kwayil ɗinsa yanke wuta yake a 6,100, kai da injin ban ruwa kake neman wuce nan?

Bayan la'asar muka kai motar fili da mitar MyChron mai nuna juyin inji a sitiyari. Ƙarshen miƙaƙƙen layi tana nuna 5,600, kuma abin dariya a can saman ƙara ce kawai, motar ta daina ja, tunda kam ɗin da ke buɗe bawul na kamfani ne. Oga ya cire sifroket na baya mai haƙori 60 ya sa mai 54, lissafi ya nuna a gudu iri ɗaya juyin zai dawo wajen 5,000. Fitowa daga kwana ta ɗan yi nauyi, wannan kam gaskiya ne, yaron sai kumbure-kumbure yake.

An dai tsaya a kan kada ya wuce 5,000, kuma ba gasa sai filawil da kwanrod na billet sun iso, irin wanda ake sassaƙawa daga dunƙulen alminiyo. Da muka dawo muka buɗe murfin gefe ashe giyar robar gwamnan ma tana ciki, hannun gwamnan kawai yaran suka cire, Oga har da salati. Gobe zai fitar da ita da ƴar washar da ke gindinta. Ni yanzu bayana ciwo yake, ga warin fetur ya ƙi barin rigata, sai na yi wanki kafin in kwanta.