Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wata Huɗun Farko Bayan Takardar Sallama

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya a ranar da aka raba takardun sallama a masana'anta. Yau zan ɗan jingine labarin, domin a nan ne ma'aikata da yawa ke asarar haƙƙinsu, kuma galibi a ranar farko ake yin asarar.

Ɗan'uwa, idan aka miƙo maka takarda, kada ka sa hannu a tsaye. Karɓi kwafi, ka tafi gida ka karanta da idon natsuwa. Wasu kamfanoni kan ce "rubuta mana cewa kai ka ajiye aiki, don sunanka ya fita fes". Ranar da ka rubuta haka, ka yafe kuɗin rage ma'aikata da hannunka. Ka tabbata takardar ta faɗi a fili cewa su suka sallame ka, da dalili, da kwanan wata. Haka kuma duk takardar da ke cewa an biya ka dukkan haƙƙinka, ba a sa mata hannu sai kuɗin ya faɗa asusu ka gan shi.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tsara wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar zuwa sama. In ba a ba da sanarwa ba, sai a biya kuɗin kwanakin. Sashe na 20 kuma ya wajabta a sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, tare da duba ƙwarewa. Sai dai wannan doka ta leburori ce da ƙananan ma'aikatan ofis. Manaja ko injiniya, takardar ɗaukarsa aiki ita ce makaminsa, shi ya sa nake takaicin ganin mutum ya yi shekara goma bai san inda ya jefa tasa ba. Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna.

Sai fansho, inda aka fi shan wahala. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ɗora kashi 10, a tura asusunka cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonka tun makon farko, ka nemi bayanin asusu, ka jera shi da takardun albashinka wata-wata. Sau da yawa za ka tarar an cire a takarda amma ba a tura ba, musamman watannin da kamfani ya fara tangal-tangal. Yanzu ne lokacin bin wannan, tun ofishin kamfanin da ya sallame ka na buɗe. Wanda ya san Kakuri bayan rufe masaƙun Kaduna ya san yadda bin haƙƙi yake idan an riga an sa kwaɗo a ƙofa.

Wanda bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya cire har kashi 25 na abin da ke asusun. Za a nemi takardar sallama, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, hoton fasfo, lambar NIN da bayanin asusun banki. Abin da ya fi maƙalar da mutane shi ne saɓanin suna: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko shekarar haihuwa biyu. Gyara wannan a cikin watannin jira.

Kuɗin sallama kuwa, kafin a fara zancen sayen Keke Napep, a cire haya, kuɗin makaranta da abincin wata huɗu. A faɗa wa uwargida gaskiyar adadin. Ita ta san mudu nawa gidan ke ci, kuma ɓoye mata ba ya hana buhun ƙarewa.

Neman aiki ya fara tun mako na biyu. Roƙi shugabanka na kusa ya rubuta maka takardar shaida kafin shi ma ya watse. Takardar bayanin aikinka kada ta wuce shafi biyu, ka faɗi sunan injin da ka riƙe da yawan mutanen da ka kula da su, ka ajiye ta a waya a matsayin PDF. Shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da LinkedIn suna da amfani, amma a unguwannin masana'antu na Kano, Sharada da Bompai da Chalawa, tsohon abokin aiki ne ke fara jin an buɗe gurbi. Kira mutum uku kullum, ka faɗa musu takamaiman aikin da ka iya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "gurbi" zuwa asusun wani mutum, ɗan damfara ne, ko da da sunan wace hukuma ya zo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin daga safiyar ganawar neman aiki ta farko.