Auna jinin da ke isa gaɓoɓi yayin gwajin magani a kan dabbobi

A kasuwannin Gusau da Ƙauran Namoda ba a rasa masu tallar sassaƙe da garin da ake cewa suna buɗe jijiyoyi, kuma ɗalibanmu na kimiyya sukan ɗauki irin waɗannan tsirrai, musamman zoɓo, su gwada a kan ɓeraye. Abin da ke damuna shi ne, da zarar sun ga hawan jini ya sauka sai su ɗauka aiki ya kammala, alhali magani yana iya saukar da shi ta hanyar raunana bugun zuciya, ya bar ƙoda ba ta samun jinin da zai wadace ta. Wajibi ne a san yawan jinin da ya isa ƙodar ko ƙwaƙwalwa ko fata.

Masu bincike Rudolph da Heymann sun bayyana wata hanyar auna wannan a 1967, a bincikensu kan 'ya'yan tumaki da ke cikin mahaifa. Akan ɗura wasu mitsi-mitsin ƙwallaye, waɗanda yau faɗinsu kan kai mikiromita 15 (mikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), a ɓangaren hagu na zuciya, jini ya kwashe su har su maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta yadda gaɓar da ta fi samun jini za ta fi tara su. A daidai lokacin ana zuƙo jini daga jijiya da saurin da aka sani, domin a samu ma'aunin kwatanci. Illar wannan hanya ita ce sai an kashe dabbar kafin a ƙirga ƙwallayen.

Na'urar leza ta Doppler kuwa haske take harbawa cikin nama, ya dawo da sauyin da motsin jajayen ƙwayoyin jini ya jawo masa. Zurfinta bai wuce kamar milimita ɗaya ba, kuma ƙari ko ragi kawai take nunawa, amma tana bin sauyin daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Inda na fi son ɗalibai su kula shi ne tasirin maganin sa barci da kuma tasirin sanyi. Zailazin, wanda ake haɗawa da ketamin domin sa wa dabba barci, yana rage bugun zuciya da kansa. Ɓeran da aka sa wa barci kuma zafin jikinsa kan zube da sauri, balle da safiyar hunturu a ɗakin da ba wutar lantarki, sai jijiyoyin fatarsa su tsuke, tafin ƙafarsa ya yi fari fat, a ɗora wa magani laifin da ba nasa ba. Don haka a riƙe zafin jikin ɓeran kusa da digiri 37, a kuma ware rukunin da aka yi wa komai iri ɗaya amma ruwan gishiri kaɗai aka ba shi.