Matar da aka ɓoye wa fata: yadda na gina labarin soyayya a kan almarar Orkney

A tsibiran Orkney da Shetland, can ƙuryar arewacin Sikotilan, akwai tsohuwar almara game da wasu halittu da ake kira selki. A cikin teku dabbobi ne masu santsin jiki da dara-daran idanu, kusan siffar ayu, amma in sun hau gaɓa sai su tuɓe fatarsu su zama mutane, su yi ta rawa a kan duwatsu. Wata rana wani saurayi ya laɓaɓo ya sace fatar ɗaya daga cikinsu. Ba fata, ba komawa ruwa. Dole ta bi shi gida, ya aure ta, suka hayayyafa. Bayan shekaru 'yar autarta ta nuna mata inda uban ya ɓoye fatar, ta ɗauka ta faɗa teku, ba ta ƙara zaman gidansa ba. A kan wannan na gina labarin da na riƙa sakar wa masu karatuna babi-babi a WhatsApp, da Hausa, kuma na bar shi a Orkney ɗinsa.

Shawarar da na fi samu tun farko ita ce in mayar da ita aljanar ruwa a bakin wani kogi namu in huta. Na ƙi. Aljanar littattafanmu na soyayya ba abin da ya gagare ta: ta ɓace, ta bayyana, ta kawo kuɗi, ta haukatar da kishiya. Selki kuwa ba ta da komai sai fatarta, wanda ya riƙe fatar ya riƙe ta. Da na zauna a kan wannan doka ɗaya, sai na ga ba na neman abin da zai faru a babi na gaba. Kowace safiya mijin ya fita kamun kifi, mai karatu ya san me matar za ta tashi nema.

Wajen bincike na fi dogara da abin da Walter Traill Dennison, mutumin tsibirin Sanday, ya tattara daga bakin tsofaffin Orkney a ƙarni na 19, sai kuma muryoyin da sashen nazarin al'adun Sikotilan na Jami'ar Edinburgh, wanda aka kafa a 1951, ya naɗa, da yawansu suna intanet a rumbun Tobar an Dualchais. Sauraro ya fi karatu amfani a wurina, ko da ban kama kowace kalma ba, domin ka ji inda mai ba da labari yake jan numfashi.

Abin da ya fi gyara min rubutu shi ne sanin wurin. Orkney tana ƙarƙashin sarautar Norway har 1468, lokacin da Sarki Christian na Ɗaya na Denmark da Norway ya jinginar da ita a madadin kuɗin garar 'yarsa Margaret da ta auri Sarki James na Uku na Sikotilan. Saboda haka sunaye da al'adun wurin sun fi karkata ga na mutanen Norway. Ban sa wa jarumina zanen nan mai ratsi-ratsi da aka san mazan tsaunukan Sikotilan da shi ba, don ba na garinsu ba ne. Itatuwa ma ba su da yawa saboda iska, babu kurmin da za a binne fata a ciki. A almarar, tsakanin saman bango da jinka ya cusa ta, a ɗakin da take kwana take tashi, kuma wannan ya fi kowane kogo da zan iya ƙagowa cin rai. Girki da busasshiyar baƙar ƙasar fadama ake yi, wadda ake yankowa a shanya. A tsakiyar shekara dare ba ya yin duhu sosai, don haka ɓarawona bai samu duhun fakewa ba, jan ciki ya yi a bayan duwatsu. A hunturu kuma yinin bai fi awa shida da 'yan mintuna ba. Dabbobin tekun nan suna haihuwa a gaɓa a watannin Oktoba da Nuwamba, sai na sa ciwon begen gida ya riƙa tasar mata a lokacin, tana jin kukan jariransu daga ɗaki.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne soyayyar kanta. Mutum ya sace wa mace hanyar komawa gida, sannan ya ce yana son ta. Mata masu karatuna ba su buƙaci bayani ba, tun babi na uku suka sa masa suna auren dole, kuma gaskiyarsu. Hanya mai sauƙi ita ce in wanke shi, in ce tsintar fatar ya yi. Wata hanyar in mayar da shi azzalumi mai duka. Duka biyun suna kashe labari. Na bar shi mutumin kirki mai ciyarwa, mai wasa da 'ya'yansa, wanda kuma kullum kafin ya kwanta sai ya ɗaga ido ya tabbatar abin yana nan. Ita ma na bar ta tana tausayinsa, tana dariya da shi wani lokaci. A yadda Dennison ya rubuta almarar, da ta koma ruwa ta yi masa ban kwana ta ce ya kyautata mata, amma ta fi son mijinta na teku. Ashe da aurenta aka sato ta. Wannan ban taɓa shi ba, yadda na same shi haka na sa.

Almarun Sikotilan suna da jan hankali, sai ka ji kamar ka kwashe su duka ka zuba: dokin ruwan da ke jan mahayinsa zuwa ƙasan tafki, ƙarfe da jan zare da ake kare kai da su daga mutanen ɓoye, har da Robert Kirk, malamin cocin Aberfoyle da ya yi rubutu a kansu, ya rasu a 1692, mutanen garin suka ce su ne suka ɗauke shi. Duk na bar su, don yawancinsu na wasu yankuna ne. Biyu kawai na ara, su ma daga Orkney. Na ɗaya, an ce zuriyar selki ana haihuwarsu da fata a tsakanin yatsu, sai na ba 'yar autar wannan, ungozoma tana yankewa tana tsirowa. Na biyu, macen da ta zubar da hawaye bakwai a teku tana kiran namijin selki. Da wannan na buɗe wa yarinyar nata labarin bayan ta girma.

Da na saki babin ƙarshe, masu karatu suka rabu biyu. Wasu sun ce ba uwar da za ta bar 'ya'yanta, wasu suka ce me ya sa ma ta daɗe haka. Da yawa sun roƙa in dawo da ita a littafi na biyu su sasanta. Littafi na biyu yana tafe, amma na 'yar ne, uban kuma yana nan da ransa, zai amsa mata tambayar da ba ta daina yi masa ba tun tana ƙarama.