Yadda Na Naɗi Tarihin Kakata Kafin Ta Rasu

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidanmu a Kano ake kira Hajiya Babba, ba ta san shekarar da aka haife ta ba, kuma ba ta taɓa ganin abin damuwa a cikin hakan ba. Da na ƙudiri aniyar tattara labarin rayuwarta, kuskuren da na fara yi shi ne na ajiye waya a gabanta, na fito da takardar tambayoyi kamar ɗan jarida. Ta dube ni ta ce, "Angona, yau kuma tuhumata ka zo yi?" Ranar ban samu komai ba sai tsokana.

Bakinta bai buɗe ba sai da na koma zama kusa da tabarmarta da hantsi, ina taya ta ɓarar gyaɗa, wayar tana aljihuna da saninta. A nan na gane cewa tsofaffinmu ba sa ƙirga shekaru da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Ta ce an kai ta ɗaki a shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, wato Abdullahi Bayero, a 1953, kuma tana goyon fari lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956. Da na haɗa wannan da shekarun da ake aurar da 'yan mata a zamanin, sai na kimanta haihuwarta wajen 1938.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne alkunya. Ba ta kama sunan mijinta, sai dai ta ce Malam, ɗan farinta kuwa, wato mahaifina, "wancan yaron" kawai take ce masa. Na yi kusan mako guda ina zaton ɗan maƙwabta take nufi, har sai da gwaggona ta yi mini dariya ta warware mini.

Inda ta fi sakin jiki shi ne zancen sana'a. Daga cikin kulle take matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, yara suna kai talla, a zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano. Ta tuna canjin kuɗi na 1973, da fam ɗaya ya koma naira biyu, amma har ta bar duniya da sule da sisi take lissafi idan tana ba da labari. Da cuta ta lalata gyaɗa a 1975, sai ta koma koko da ƙosai, kuma da adashin wannan ciniki ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki.

Abin da nake nadama shi ne na yi ta ɗage tambayarta game da mahaifiyarta da waƙoƙin daka da ta koya a ƙauye, ina cewa sai bayan azumi. Ba ta kai sallah ba, Allah ya jiƙanta.

Ranar sadakar arba'in na kunna wa dangi muryarta a tsakar gida. A wani wuri ta ce wancan yaron bai taɓa kwana da ɓacin ranta ba tun yana ƙarami. Mahaifina, wanda ya kusa shekara saba'in bai taɓa jin yabo daga bakinta ba, ya miƙe a hankali ya shige zaure.