Teburin da ke Gaban Kyamara: Labarin Mai Sana'ar Kafa Teburan Ful

Sana'ata ita ce kafa teburan wasan ful da na sunuka, wato wasannin da ake tura ƙwallaye da sanda a kan tebur zuwa cikin ramuka, da daidaita su, da sauya musu ƙyalle idan ya tsufa. Ƙaramin kamfani nake gudanarwa a Kaduna tare da yaran aikina, kuma yawancin masu kiranmu otal-otal ne da gidajen wasan matasa da wasu masu hali da ke son tebur a falonsu. Tambayar da abokan ciniki suka fi yi mini ita ce yadda za a yi a ce ana nuna babbar gasa a talabijin, ɗan wasa ya tura ƙwallo a hankali, sai kowa ya ga ta bar hanyarta ta karkata gefe, alhali kuɗin da ke cikin wasan ba ƙarami ba ne, tunda kyaututtukan gasar ful ta duniya da aka yi a Jidda a 2024 sun kai dala miliyan 1. Amsata kullum ita ce teburin da aka kafa domin kyamara shi ne ya fi kowane tebur haɗarin karkacewa, kuma wanda ya san yadda ake haɗa shi ba zai yi mamaki ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen shi ne allon dutse, wanda ake haƙowa a ƙasashe irin su Barazil da Italiya da Sin. A teburin gasa mai ƙafa 9, filin wasan inci 100 ne a tsawo da inci 50 a faɗi, kuma dutsen yakan zo gida uku, kaurinsa bai gaza inci 1 ba, kowane ɓangare yana kusan kilo 90. Ƙa'idar hukumar ful ta duniya, wato WPA, ta ce bambancin da za a yarda da shi a shimfiɗar dutsen kada ya wuce kusan rabin milimita a tsawo da rubu'in milimita a faɗi, sannan a wurin da ɓangarori biyu suka haɗu kada ɗaya ya ɗara ɗaya da fiye da milimita 0.127. Lebur ɗin magina ba ya ganin wannan, don haka muke amfani da na masu aikin injina, wanda ƙwayar iskarsa takan motsa ko da takarda aka saka a ƙarƙashin gefensa. Da farko mukan daidaita ƙafafu da gangar jikin teburin, sannan mu ɗora dutsen, mu riƙa cusa siraran weji a ƙarƙashinsa muna ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan, domin ɗaure kusa ɗaya da ƙarfi yana iya lanƙwasa dutsen duk da taurinsa. Bayan haka a cike mahaɗar da kakin zuma da aka narkar, a kankare ta har yatsa ya kasa jin inda take.

Duk wannan aiki ana yin sa ne bisa zaton cewa ƙasan da teburin ke tsaye a kai ba za ta motsa ba, kuma a nan ne gasar talabijin take samun matsala. Teburin gidan wasa yana zaune a kan siminti shekara da shekaru, ya riga ya samu wurin zamansa. Manyan gasanni kuwa ba a gidajen wasan ful ake yin su ba. Kofin Mosconi, wanda ake bugawa tsakanin Turai da Amurka tun 1994, an sha yin sa a zauren Alexandra Palace na Landan da kuma otal-otal na Las Vegas, ita kuma gasar sunuka ta duniya tun 1977 ake yin ta a Crucible da ke Shefil, wanda asalinsa gidan wasan kwaikwayo ne. A irin waɗannan wurare tebur baƙo ne da ake kawowa a mota 'yan kwanaki kafin a fara. Sau da yawa akan shimfiɗa sabon kafet domin ya yi kyau a hoto, wani lokaci a kan dandamalin katako da aka bi da wayoyin lantarki ta ƙarƙashinsa. Tebur mai nauyin ɗaruruwan kilo yakan ci gaba da nutsewa cikin kafet ɗin har kwanaki, kuma ƙafafunsa ba sa nutsewa daidai da juna. Mai aiki zai iya barin tebur ranar Laraba lebur ɗinsa yana tsakiya cif, ya dawo ranar Juma'a ya tarar ƙwallo tana gangarawa wajen rami ɗaya, ba tare da kowa ya taɓa ko kusa guda ba. Idan dandamalin ba shi da isassun ginshiƙai, takun mai ɗaukar hoto kaɗai ya isa ya girgiza shi.

Na ga haka da idona a wata ƙaramar gasa da wani otal ya shirya, wadda wata tashar talabijin ta ɗauka. Masu shirin sun dage a ɗora teburin a kan dandamalin da ake amfani da shi wajen bikin aure, domin 'yan kallo na baya su riƙa gani, kuma bayan mun gama daidaitawa sai ma'aikatan tashar suka tura shi gefe saboda fitilarsu ba ta faɗa a tsakiyarsa ba. Ba su yi da mugun nufi ba, a wurinsu tebur tebur ne. Amma tebur mai dutse gida uku idan aka tura shi ko da taku ɗaya ne, daidaiton ya tafi, wani lokaci ma kakin mahaɗar yakan tsage a ƙarƙashin ƙyalle, sai ƙwallo ta riƙa ɗan tsalle idan ta ratsa wurin. Da wasa ya fara, sunan kamfanina aka riƙa ambata, ba na wanda ya tura ba.

Ƙyalle shi ma yana da nasa hali. Wanda aka fi sani a manyan gasannin ful shi ne na kamfanin Simonis, da ake saƙawa a Beljiyam, ƙasar da kuma ake yin ƙwallayen Aramith. Ana ja shi a kan dutse kamar yadda ake ɗaure fatar ganga, kuma idan hannun mai ja ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, zaren saƙar zai karkace, ƙwallo mai tafiya a hankali ta bi shi, a ɗora wa dutse laifin da ba nasa ba. Gasar talabijin kullum da sabon ƙyalle ake fara ta, shi kuwa sabo santsi gare shi, ƙwallo takan zame kafin ta fara birgima, kusurwar da take dawowa daga robar gefe takan buɗe, ramuka su riƙa karɓar ƙwallon da a tsohon ƙyalle da sun tofar. Kwana biyu ko uku da fara gasa, alli da gumin hannu sun shiga, teburin ya zama wani daban. Ga kuma yanayin zauren: fitilu suna busar da ƙyallen, numfashin ɗaruruwan 'yan kallo yana ƙara laima, na'urar sanyaya ɗaki tana kunnuwa tana mutuwa. Dalili ke nan da ya sa teburan manyan gasannin sunuka suke da na'urar ɗumama dutse daga ƙasa. Mu nan mun san wannan bambanci sarai, domin teburin da ke gudu a lokacin hunturu shi ne yake yin nauyi a watan Agusta.

Akwai kuma wurin jera ƙwallaye, inda yawan bugun farko yake sa ƙyallen ya yi ƙananan ramuka har ƙwallaye su ƙi mannuwa da juna. Saboda haka gasanni da yawa suka koma amfani da siririyar takardar roba mai huji a maimakon katako mai kusurwa uku.

Ra'ayina shi ne 'yan wasa suna da gaskiya idan suka yi ƙorafi, musamman yanzu da ake matse bakin ramuka a wasu gasanni zuwa kusan inci 4, alhali faɗin ƙwallon kansa inci 2.25 ne, ta yadda ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya hana mutum cin wasan da ya cancanta. Inda nake saɓa musu shi ne zaton cewa daidaita tebur aiki ne da ake yi sau ɗaya a tafi. A Crucible ma'aikatan tebur suna nan har a gama gasa, kuma idan aka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda ake komawa tebur ɗaya daga biyu, sabon aiki suke yi. Masu shirya ƙananan gasanni ne suke ganin wannan a matsayin ɓarnar kuɗi.

Yanzu duk wanda ya kira ni aikin gasa, sai mun rubuta sharuɗɗa kafin in sauke kaya daga mota. Zan ga ƙasan zauren da kaina, kuma idan dandamali ne sai an ƙara masa ginshiƙai a daidai inda ƙafafun za su tsaya, ko a yanke kafet a wuraren. Ma'aikatan talabijin za su gama kafa fitilunsu su nuna mini inda suke so kafin in ɗora dutse. Za a ba teburin aƙalla kwana biyu ya zauna da na'urar sanyaya ɗaki a kunne kamar yadda za ta kasance ranar wasa, sannan ni ko babban yarona mu riƙa auna shi kowace safiya da kuma tsakanin zagaye, muna gyara ƙafafu ba tare da an cire ƙyalle ba. Wannan yana ƙara kuɗin aikin sosai, kuma wasu masu shirin sukan ce za su yi shawara, daga baya in ji sun ba wani wanda ya yarda ya kafa teburin da safe a fara wasa da la'asar.