Wa ke tura dutsen bayan ya bar hannu?

A shekarata ta farko da fara koyar da fiziks, wata ɗaliba ta yi mini tambayar da ta tona mini asiri. Na zana mutum a allo ya wurga dutse sama, na zana dutsen yana tsakiyar hawa, sannan na sa masa kibiya biyu. Ɗaya ta dubi ƙasa, wato jan da ƙasa ke yi masa. Ɗayar ta dubi sama, na rubuta "ƙarfin jifa" a gefenta. Yarinyar ta ɗaga hannu daga can bayan aji ta ce, "Malam, ai hannun ya riga ya sake shi. To wa ke tura shi sama yanzu?"

Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Na dubi agogo na ce mata gobe za mu dawo kan wannan, irin abin da malami kan faɗa idan an ƙure shi.

Da daddare na zauna da biro da takarda, amsar kuwa ba ta yi mini daɗi ba: babu mai tura shi. Daga lokacin da dutse ya rabu da yatsu, in aka ajiye batun iska a gefe, ƙarfi ɗaya tak ke aiki a kansa, shi ne jan ƙasa, kuma ƙasa yake jan sa ko yana hawa ko yana saukowa. Hawan da yake yi na gudun da ya taso da shi ne. Ƙasa kuwa tana ta zaftare masa wannan gudun, mita 9.8 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa. In ya tashi da gudun mita 20 a daƙiƙa, bayan daƙiƙa ɗaya saura wajen 10, bayan ta biyu gudun ya ƙare yana tsayin kimanin mita 20, sai ya juyo. Lissafin ya fita tsaf ba tare da kibiyata ta sama ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san dokar Newton ta farko kamar yadda na san sunana. Abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi ya shiga tsakani. Na rubuta ta a jarrabawa ba sau ɗaya ba, an ba ni maki. Amma da na riƙe alli, hannuna bai bi Newton ba, Aristotal ya bi.

Fiye da shekara 2,300 ke nan da Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya koyar da cewa abin da aka tilasta wa motsi sai da mai motsa shi, har ya ce iska ce ke ci gaba da ingiza abin da aka jefa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, bai yarda da batun iskar ba. A ganinsa mai jifa yana cusa wa abin wani karkata da zai ci gaba da tafiyar da shi, kuma da babu abin da ke tare shi, da karkatar ba za ta ƙare ba. Ya matso kusa ƙwarai. Galileo, masanin kimiyya na Italiya, shi ne ya yi ta gangara ƙwallaye a kan katako mai gangare yana auna lokaci, ya wallafa sakamakonsa a 1638, sannan Newton ya tsara dokokinsa uku a littafin da ya fitar a 1687. Da na duba tsawon wannan tafiya sai na ɗan sami sauƙi a raina. Ashe kuskuren nawa tsoho ne, kuma manyan masu tunani sun daɗe a cikinsa.

Ba wauta ba ce ta sa muke tunanin haka, ido ne yake ba da shaida kullum. Tura tebur, ya matsa. Cire hannu, ya tsaya cak. Wa zai ga wannan sau dubu ya yarda cewa motsi ba ya buƙatar mai turawa? Abin da ido ba ya gani shi ne gugar da ke tsakanin ƙafar tebur da daɓe, wadda ke ja da baya tun kana turawa, kana sakewa kuma ta gama da shi. Rage gugar ka ga yadda labari ke canzawa: wanda ya taɓa taka daɓen tayil da aka zuba wa ruwan sabulu ya san ƙafa ba ta jiran a tura ta. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana can fiye da kilomita biliyan 20 daga duniya, yana gudun wajen kilomita 17 a daƙiƙa, ba tare da wani inji na ingiza shi gaba ba. Bai gamu da abin da zai tsayar da shi ba ne kawai.

Haka nan in direba ya taka birki da ƙarfi, sai fasinja ya ce an wurgo shi gaba. Ba wanda ya wurgo shi. Birki mota ya kama, bai kama jikin mutum ba, jikin ya ci gaba da tafiyarsa har sai ya ci karo da abin da zai tare shi. Ko bel ya tare shi, ko gilashi.

Washegari na shiga aji na sake zana dutsen da kibiyoyinsa biyu, na kira yarinyar na miƙa mata dasta na ce ta goge wadda ba ta yarda da ita ba. Ta goge ta saman. Na ce wa ajin ita ke da gaskiya, ni na yi kuskure jiya. Aka yi tsit na ɗan lokaci, sai wani yaro ya ce, "Malam, to mu goge a littafinmu?" Na ce a'a, su bar ta su ja mata layi, su rubuta dalili a gefe.

Tun daga ranar na daina fara darasi da ƙa'ida. Nakan ɗaga littafi mai kauri da fallen takarda in tambayi wanne zai riga isa ƙasa. Kowa ya ce littafi, in sake su, littafi ya riga. Sai in ɗora takardar a saman littafin, in tabbatar ba ta leƙo gefe ba, in sake. Tare suke faɗuwa, takardar na lafe a bayansa kamar an manna ta, domin littafin ya share mata iskar da ke tare ta. A nan ne ake fara gardama, ni kuwa gardamar nake nema. Gaskiya ne ƙasa ta fi jan abu mai nauyi da ƙarfi, amma shi ma ya fi wuyar motsawa daidai gwargwado, sai biyun su kashe juna. A 1971 ɗan sama jannati David Scott na tawagar Apollo 15 ya tsaya a duniyar wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci guda, suka dira tare.

Akwai kalmar da nake yaƙi da ita a aji, wato "maganaɗisun ƙasa". Ta zauna a bakin mutane, amma tana ɓatar da ɗalibi. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, bai san katako ko ruwa ba, shi kuwa jan ƙasa bai bar kowa ba. "Jan ƙasa" nake cewa, ko da bai kai waccan daɗin faɗa ba.

Dokar da na kafa wa ajina yanzu daga tambayar yarinyar nan na samo ta. Duk kibiyar da ka zana, sai ka faɗi sunan mai ja ko mai turawa: ƙasa, igiya, hannu, daɓe, iska. In ka kasa kiran sunan kowa, goge ta. Duk da haka kibiyar nan ta sama ba ta mutu ba, kowace shekara sai ta dawo a takardun sababbin ɗalibai. Tana da ƙanwa ma. Kwanan baya na tambayi wane ƙarfi ke kan dutsen a daidai ƙololuwar hawansa, lokacin da gudunsa ya zama sifili. Wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa babu ko ɗaya, tunda ya tsaya. Na kira shi na ba shi alli na ce ya wurga sama, in babu abin da ke jan sa a can ƙoli, sai mu jira mu ga ko zai zauna a wurin.